Bitar KB-1 da gwajin Gene-Trac: bakteriyar da ake ɗura wa gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa

KB-1 ruwa ne mai gurɓi da ɗan wari, cike da bakteriya masu rai. Ana kawo shi cikin tulun ƙarfe marar tsatsa mai cin kusan lita 20, a toshe ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Kamfanin SiREM da ke garin Guelph a lardin Ontario na Kanada ne ke rainonsa yana sayarwa. Aikinsa guda ne: a ɗura shi cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa da sinadaran wanke maiƙo masu kulorin suka gurɓata, wato PCE da TCE da abin da suke haifarwa, ya warware su har su koma iskar etin wadda ba ta cutarwa. Asalinsa ƙasa ce da ruwa da aka ɗebo daga wani fili mai TCE a kudancin Ontario cikin shekarun 1990, ɗakin binciken Farfesa Elizabeth Edwards ta Jami'ar Toronto ya raine su. Ba a taɓa ƙwayoyin gadonsu ba. Ciyar da su TCE aka dinga yi har masu iya cinsa suka yi rinjaye.

Kamfanin yana kuma yin wani gwaji da yake kira Gene-Trac, wanda ke ƙirga ƙwayoyin gadon waɗannan bakteriya a cikin ruwan rijiya. Mun haɗa su a bita ɗaya ne saboda a ganinmu gwajin ya fi tulun muhimmanci. Tulun yana aiki, wannan ba abin musu ba ne, amma wanda ya saye shi bai fara da gwaji ba caca ya yi: ko dai ƙasarsa tana da bakteriyar tun farko, ya biya kuɗin abin da yake da shi, ko kuma tana da abin da zai kashe su, ya zuba kuɗinsa a rami.

PCE shi ne ruwan da masu wankin kaya na zamani, dirai-kilin, suka daɗe suna amfani da shi. TCE kuma masana'antu da sansanonin soja sun yi shekaru suna wanke maiƙon ƙarfe da injuna da shi. Dukansu sun fi ruwa nauyi, lita ɗaya ta TCE tana da kilo 1.46, ta PCE kilo 1.62. Shi ya sa in suka zube ba sa tasowa saman ruwa yadda fetur ke yi. Nutsewa suke yi, su bi tsagogin ƙasa, su kwanta a kan yumɓu suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa TCE cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na ƙoda. Dokar Amurka ba ta yarda ya wuce maikirogiram 5 a litar ruwan sha ba, ke nan lita ɗaya tak ta TCE ta isa ta ɓata ruwa lita miliyan 290. A Disambar 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana amfani da TCE, amma wanda ya riga ya shiga ƙasa doka ba ta fito da shi.

Abin da ke cikin tulun

Jigon KB-1 shi ne Dehalococcoides mccartyi, wata 'yar mitsitsiyar bakteriya mai siffar faifai, faɗinta kusan rabin maikiromita. Yadda mu muke shaƙar oksijin, ita sinadari mai kulorin take numfashi da shi. Tana ɗaukar haidirojin, ta cire kulorin ɗaya daga jikin sinadarin ta maye gurbinsa da haidirojin, ta samu ƙarfin rayuwa daga wannan musayar. PCE yana da kulorin huɗu. A cire ɗaya ya zama TCE, a sake cirewa ya zama cis-DCE, a sake ya zama VC, a cire na ƙarshe ya zama etin.

Matakai biyun farko ba abin wahala ba ne. Bakteriya da yawa da ke ƙasa ko'ina, irin su Geobacter da Desulfitobacterium da Sulfurospirillum, suna kai PCE zuwa cis-DCE, sai su tsaya. A nan ake samun matsalar da ta haifar da wannan kasuwa gaba ɗaya. An zuba wa ƙasa abincin bakteriya, TCE ya ɓace, kowa ya yi murna, sai a ga cis-DCE ya taru ya ƙi motsi. Ko kuma ya matsa taki ɗaya ya tsaya a VC, wanda ya fi TCE ɗin guba, yana jawo dajin hanta, iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 2 ce kawai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani bincike da aka buga a 2002 ya duba filaye 24: an samu Dehalococcoides a filaye 21 da aikin ya kai har etin, ba a same ta ba a guda 3 da aikin ya tsaya a hanya.

Sai dai sunan bakteriyar kaɗai ba ya wadatarwa, kuma nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Nau'in farko da aka ware, mai lamba 195, wanda ɗakin binciken Stephen Zinder na Jami'ar Cornell ya bayyana a 1997, yana cin PCE da TCE da cis-DCE da kyau, amma matakin VC zuwa etin a hankali yake yinsa, kuma ba ya samun ƙarfin girma daga gare shi. Bambancin yana cikin ƙwayoyin gado. Kowane mataki yana da inzayim ɗinsa, wato sinadarin da bakteriyar ke ƙerawa don ya yi aikin, kowane inzayim yana da ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi: pceA ta PCE, tceA ta TCE zuwa VC, sannan vcrA da bvcA, su biyun da ke gama aikin VC. An gano vcrA a 2004 daga nau'in VS a Jami'ar Stanford, bvcA kuma a shekarar daga nau'in BAV1 da aka samo a wani fili a Oscoda ta jihar Michigan. Nau'in 195 ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ke nan ruwan rijiya zai iya cika da Dehalococcoides, VC kuma yana zaune daram. Darajar KB-1 ita ce nau'o'in da ke cikinsa suna ɗauke da vcrA. Da za a faɗi gaskiya, ƙwayar gadon nan ce ake biyan kuɗinta, sauran tulun masu yi mata hidima ne.

Kundin gadon wannan bakteriya ƙarami ne ƙwarai, haruffa kusan miliyan 1.4 zuwa 1.5, bai kai kashi ɗaya cikin uku na E. coli ba. Duk da haka ta cika shi da ƙwayoyin gadon cire kulorin: 17 a nau'in 195, 32 a CBDB1, 36 a VS, kuma yawancinsu har yau ba a san sinadarin da suke ci ba. Ita vcrA tana zaune ne a wani yanki na kundin da alamu suka nuna aro shi aka yi, yana iya tashi daga wani nau'i ya koma wani. Abin da bakteriyar ta zubar domin ta ƙanƙance shi ne ya sa ba a sayar da ita ita kaɗai. Ba ta cin sukari ko mai ko lakteti, haidirojin kawai take karɓa, sai asiteti don gina jiki. Kowane inzayim ɗinta yana buƙatar bitamin B12 a tsakiyarsa, ita kuwa ba ta iya ƙera shi, sai maƙwabta sun ba ta, kuma ba kowane dangin B12 ne ke yi mata aiki ba. Don haka tulun garke ne. Akwai masu ruɓar da abinci su fitar da haidirojin, akwai masu yin asiteti, akwai Geobacter mai yin matakan farko, akwai masu fitar da iskar mithen, kuma yawansu yana taimakawa wajen shanye ɗan oksijin da ya yi kutse.

Gwajin, kafin komai

Ana tsotso ruwa a hankali daga rijiyar sa ido har ma'aunan pH (tsamin ruwa) da oksijin su daina rawa, sannan a cika kwalba ta lita ɗaya, ko a tura ruwan ta cikin 'yar matata mai ramuka maikiromita 0.22 a aika matatar kaɗai. A sa cikin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu. A can za a ciro DNA a ƙirga da injin qPCR, mai ƙirga yawan kwafin ƙwayar gadon da ake nema. Amfanin Dehalococcoides a nan shi ne kowace ɗaya tana da kwafi guda na ƙwayar gadon 16S, wadda ake gane jinsin bakteriya da ita, saboda haka adadin kwafi kusan shi ne adadin bakteriyar. Kada a karɓi sakamakon 16S kaɗai. A nemi vcrA da bvcA da tceA a kan samfurin guda, a dubi yadda suke da juna. In 16S ta kai miliyan 50 a lita amma vcrA ba ta ko bayyana ba, garken da ke ƙasar zai tara VC ne. In vcrA tana kusa da adadin 16S, ƙasar abinci kawai take nema, ba tulu ba.

Adadin Dehalococcoides da masu aikin suka saba dogara da shi shi ne miliyan 10 a lita. Daga nan zuwa sama ake sa ran ganin etin yana fitowa da saurin da zai amfanar. Ƙasa da dubu 10 a lita kuwa kamar babu ne.

Gwajin yana da lahani uku da ba laifin kamfani ba ne, halin fasahar ne, amma takardar sakamako ba za ta tuna maka da su ba. DNA yake ƙirgawa, ba rai ba, don haka garken da oksijin ya kashe jiya zai fito da lamba mai kyau yau. Sannan galibin bakteriyar manne suke da ƙwayar yashi inda abinci yake, ruwan da aka ɗebo ɗan kason su ya kwaso, kuma kason yana canzawa da yanayi. Na uku, gwajin abin da aka sani yake nema. A 2017 an bayyana wani nau'in Dehalogenimonas da ke kai VC zuwa etin da wata ƙwayar gado daban mai suna cerA. Ke nan rashin vcrA hujja ce mai ƙarfi, amma in etin yana fitowa a rijiya, a yarda da etin.

Inda aikin babba ne, ya dace a ƙara da gwajin kwalabe, wanda shi ma SiREM yana yi. Ana zuba ƙasa da ruwan filin a kwalabe na mililita 250 cikin akwatin da ba oksijin, kashi huɗu, kowane kashi kwalba uku: wanda aka kashe komai a ciki, wanda aka bari yadda yake, wanda aka ba abinci, da wanda aka ba abinci da KB-1. Yana cin watanni, masu gaggawa kuma sun tsane shi. Amma shi ne kaɗai zai nuna ko akwai guba a filin da za ta hana garken aiki tun kafin a kawo injin haƙa.

Nawa ake buƙata

Litar KB-1 tana ɗauke da Dehalococcoides kusan biliyan 100. A ɗauki fili mai tsawon mita 20, faɗi 10, kaurin ɓangaren da ya gurɓata mita 3. Mita kubik 600 ke nan. In kashi 30 cikin 100 na wannan ƙasa ramuka ne da ruwa ya cika, akwai ruwa lita 180,000. Don a kai miliyan 10 a kowace lita tun ranar farko ana buƙatar tiriliyan 1.8, wato lita 18, tulu ɗaya. Wanda zai iya jira zai zuba kashi ɗaya cikin goma na wannan ya bar su su hayayyafa. A ɗakin gwaji suna ninka kansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a cikin ƙasa abin ya fi haka jinkiri sosai, ninki goma kuma yana buƙatar ninkawa fiye da sau uku. Shawararmu kada a yi rowa a nan. Kuɗin tulun ƙaramin kaso ne in aka gwada shi da kuɗin haƙa da abinci da ma'aikata, dawo da injin haƙa karo na biyu kuwa ya fi tulu biyar ciwo.

A tsohon sansanin sojan sama na Kelly da ke San Antonio a jihar Texas, inda aka yi gwajin da ya fito da sunan KB-1, ruwan yana da PCE kusan miligiram 1 a lita. An fara ba ƙasar metanol da asiteti, sannan aka ɗura lita 13. Cikin kwana 200 PCE da TCE da cis-DCE duk sun sauka ƙasa da maikirogiram 5, etin ɗin da ya fito kuma ya yi daidai da abin da ya ɓace. An buga sakamakon a 2002. A lura cewa ƙaramin fili ne, kuma ana zagaya ruwan da famfo, wanda ke raba bakteriya da abinci fiye da yadda ɗurawa sau ɗaya za ta yi.

Shirya ƙasa da ɗurawa

Yis ba ya tayar da ƙullun da ba a haɗa daidai ba, komai kyawunsa, haka ma wannan. Oksijin yana kashe Dehalococcoides, kuma masu gama matakin VC su suka fi saurin mutuwa. Saboda haka abinci ake fara turawa, makonni kafin tulun ya iso, domin bakteriyar da ke ƙasar su ci su shanye oksijin. Lakteti yana narkewa ya yi nisa da sauri, amma cikin makonni ya ƙare. Man waken suya da aka dama da ruwa ya zama ƙananan ɗigo yana manne wa ƙasa ya yi shekara biyu ko fiye yana sakin haidirojin a hankali. Baƙin ruwan rake na masana'antar sukari yana da araha, sai dai yana ruɓa da gaggawa ya tsamar da ruwa, kuma mun fi ganin illarsa a kan amfaninsa in ƙasar ba ta da abin tare tsami. Ba a buɗe tulu sai oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 0.5 a lita, an fi son 0.2, ma'aunin ORP, mai nuna ko yanayin ruwan ya koma marar oksijin, ya kai −75 milibolt ko ƙasa, pH kuma yana tsakanin 6.5 da 7.5 ko kusa.

Ranar ɗurawa, tulun yana zama cikin sanyi har lokacin amfani, ba a daskarar da shi, ba a barinsa a rana. Ana haɗa masa tukunyar iskar naitirojin ko agon da ragileta, a fara busa iskar ta cikin tiyo na 'yan mintuna don a kori iskar da ke ciki. Mutane suna tsallake wannan, alhali tiyo mai tsawon mita 10 yana iya riƙe iskar da za ta illata rabon ramin ɗurawa guda. A ɗora tulun a kan sikeli, kilo ɗaya daidai da lita ɗaya, ta haka ake sanin abin da ya shiga kowane rami. Tsarin shi ne ruwa marar oksijin a gaba, bakteriya a tsakiya, ruwa marar oksijin a baya ya tura su cikin ƙasa. Ruwan famfo kai tsaye ba ya yi, yana da oksijin yana da kulorin ɗin kashe ƙwayoyin cuta. Ana shirya ruwan ne a tanki a rufe, ko dai a zuba masa abinci a bar shi kwanaki, ko a sa masa hodar da kamfanin ke sayarwa da sunan KB-1 Primer, a auna ORP ɗin tankin kafin a yi amfani da shi. A ƙasa mai yashi tazarar mita 3 zuwa 5 tsakanin ramuka takan isa. In aka matsa famfo da ƙarfi fiye da yadda ƙasar ke sha, ruwan zai tsaga hanya ya fito sama kusa da ramin, abin da aka saya ya kwanta a rana.

Inda abin ke lalacewa

Tsami ne babban mai kashe aikin, kuma aikin da kansa ke haifar da shi. Kowane kulorin da aka cire yana fitowa ne a matsayin asid. In ruwa yana da TCE miligiram 100 a lita, warware shi zai saki milimol 2.3 na asid a kowace lita, ban da wanda ruɓar abinci ke ƙarawa. Da zarar pH ya gangara ƙasa da 6, matakin VC ne ke fara tsayawa, matakan farko kuma suna ci gaba, wato daidai yanayin da ake gudu. Tare wannan asid ɗin kaɗai yana buƙatar sodiyam baikabonet kusan miligiram 190 a lita, kilo 35 ke nan a filin da muka yi misali da shi, kuma mafi ƙarancin lissafi ne, domin ita ma ƙasar tana da nata tsamin da za ta saki. Ƙasa mai farar ƙasa tana tare kanta. Jan yashi marar kabonet ba ya yi. Kada a gyara da soda mai ƙuna don sauri, yana cilla pH sama da 9 a bakin rami ya kashe abin da ake son ceta.

Salfet shi ne ɓarawon abinci. Bakteriya masu numfashi da shi suna cinye haidirojin huɗu a kan kowace ƙwayar salfet. Ruwa mai salfet miligiram 500 a lita zai ci haidirojin kusan sau 90 na abin da TCE miligiram 10 ke buƙata. Wanda ya lissafa abinci da TCE kaɗai zai ga garkensa yana yunwa. Ƙari a kan haka, salfaid ɗin da ke fitowa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ne ga Dehalococcoides in ya taru, sai dai in ƙasar tana da ƙarfen da zai kama shi ya zama baƙin laka. Naitiret da jan ƙarfen ƙasa su ma suna cin nasu kason kafin TCE ya samu.

Kulorofom da sinadarin 1,1,1-TCA suna toshe matakin VC ko da ba su kai miligiram ɗaya a lita ba, kuma sukan zo tare da TCE a filayen masana'antu. KB-1 na asali ba ya iya musu. Akwai KB-1 Plus mai ɗauke da Dehalobacter, wadda ƙwayar gadonta cfrA ke cire kulorin daga su biyun. Yana aiki, amma a san inda yake kaiwa: 1,1,1-TCA yakan tsaya a kuloro-etan, wanda ba ya saurin tafiya. Sannan 1,4-dayoksen da aka riƙa gauraya wa 1,1,1-TCA babu abin da tulun zai yi masa, masu cinsa oksijin suke so, akasin yanayin da aka ƙirƙira.

Yumɓu kuwa ba a yi masa dabara da bakteriya. Ramukansa sun yi musu ƙanƙanta, TCE ɗin da ya shige cikinsa shekara 30 da suka wuce zai dinga dawowa cikin yashin da aka tsabtace. A irin wannan fili a sa rai da sake zuba abinci, a kuma rubuta hakan a kasafin tun farko.

Karanta sakamako

Watan farko yaudara ne. TCE zai faɗi warwas domin ruwan da aka ɗura ya sirka shi, man waken suya kuma ya shanye wani kaso ya ajiye. Ba a cinye komai ba tukuna. Hanya ɗaya ta gane gaskiya ita ce a mayar da komai zuwa mol, wato ƙirgar yawan ƙwayoyin sinadari ba nauyinsu ba, a daina kallon maikirogiram. TCE maikirogiram 1,000 in ya koma cis-DCE gaba ɗaya zai auna 738, in ya koma VC 476, in ya koma etin 213. Rahoton da ya ce gurɓata ta ragu da rabi, alhali 1,000 na TCE ne ya zama 476 na VC, bai rage ko ƙwaya ɗaya ba, ya ma ƙara haɗari. Abin da ake son gani shi ne cis-DCE ya hau ya sauka, VC ya hau ya sauka bayansa, etin ya biyo, vcrA tana ƙaruwa tare da shi. Inda gurɓatar take da yawa, kuloraid ma shaida ne: miligiram 100 na TCE yana barin kusan 81 na kuloraid. Samfurin etin a ƙaramar kwalba ta mililita 40 ake ɗaukarsa, a cika ta har ta yi tozo, a rufe, a kife ta a duba. In akwai kumfar iska ko ɗaya, a zubar a sake, domin etin ɗin cikin kumfar zai gudu. Wani lokaci etin yana ci gaba ya zama etan ko wasu bakteriya su cinye shi a gefen filin, don haka lissafin ba lallai ya rufe cif ba.

Ruwan da aka yi wa wannan aiki ba ya zama na sha nan take. Rashin oksijin yana narkar da ƙarfe da manganis daga ƙasa, a wasu wurare har da asinik. Ana samun asiton na ɗan lokaci, ana samun wari, rijiyoyin ɗura abinci suna toshewa da yauƙin bakteriya. Mithen ya fi komai buƙatar kulawa in akwai gini a kusa, domin yana kamawa da wuta in ya kai kashi 5 cikin 100 na iska, kuma yana iya jan tururin VC ya shigo da shi ta tsagar daɓe. Yawan zuba abinci wai don a tabbatar shi ke jawo wannan. A auna iskar ƙarƙashin daɓen duk ginin da ke saman filin, kafin aiki da lokacinsa.

Ga mai karatu a Kano ko Kaduna da ke tunanin ruwan masana'antun fata ko baƙin man garejin makanikai, wannan ba maganinsa ba ne. Kuromiyam ɗin da ke ruwan masana'antun fata ƙarfe ne, ba a warware shi. Man fetur da baƙin mai kuwa wasu bakteriya ne daban ke cinsu, irin su Pseudomonas da Rhodococcus, da ƙwayoyin gado irin alkB, kuma oksijin suke buƙata, sannan galibi suna nan a ƙasar, taki da juyawa suke jira. Inda aka tabbatar da PCE ko TCE a ƙasa mai zafi, ɗumin ruwan ƙarƙashin ƙasa na digiri 25 zuwa 30 ya dace da Dehalococcoides fiye da sanyin Kanada. Haɗarin yana hanya: sama da digiri 40 garken yana lalacewa, kuma tulun da ya kwana uku a ɗakin ajiyar filin jirgi yana jiran takardar izinin shigo da halittu masu rai ba shi ne wanda aka auna a Guelph ba.

KB-1 ba shi kaɗai ba ne a kasuwa. Akwai SDC-9, akwai kuma BDI Plus na kamfanin Regenesis, kamfanin Microbial Insights kuma yana yin irin wannan ƙirga ta ƙwayoyin gado. A kan TCE zalla ba mu ga dalilin da zai sa a rantse da ɗaya a bar sauran ba, nisan jigila da sauran sinadaran da ke filin su za su raba gardama. Abin da ya ba SiREM fifiko shi ne gwaji da kwalabe da tulu duk a hannu ɗaya suke, kuma nan ne ma ya kamata a yi hattara, tunda mai sayar da tulun shi ne mai cewa ana buƙatarsa. A babban aiki a raba samfurin rijiya ɗaya gida biyu, a aika rabi wani ɗakin gwajin. Kowane tulu kuma a nemi takardarsa mai ɗauke da ranar cikawa da adadin Dehalococcoides da na vcrA a lita, sannan a ranar ɗurawa a tsiyayi ɗan kaɗan daga tulun a kwalba mai tsabta a aika a ƙirga, domin in aikin ya tsaya bayan wata shida a san ko daga tulun ne ko daga ƙasar.